Tubalan da Ba Su da Ubangida: Waiwaye Daga Dandamisa

Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja don wata makaranta ko ƙungiyar manoma a ƙasar Makarfi ya san tambayoyi biyun da za a fara yi masa: nawa ne, kuma yaushe za ta fito. Akwai tambaya ta uku da ta fi su nauyi, amma ba kasafai ake yin ta ba, wato shekara nawa manhajar za ta yi tana aiki. Mai ba da aikin ba ya tambaya, domin a tunaninsa manhaja ba ta da ƙarfen da zai yi tsatsa balle katakon da gara za ta ci. Shi kuwa mai rubutawa, shekaru goma da suka wuce, ko an tambaye shi ba shi da amsar da zai tsaya a kanta. Amsar tana hannun waɗanda suka ƙera firamwok ɗin da ya ɗora aikinsa a kai, can a wata ƙasa, kuma ba su san da zamansa ba.

Bari in ɗan buɗe maganar saboda wanda ba sana'arsa ba ce. Burauzar da ke cikin wayarka, ko Chrome ce ko Firefox ko Safari, harsuna uku take ji: HTML mai tsara abin da ke kan shafi, da CSS mai yi masa ado, da JavaScript mai sa shi motsi. Rubuta babbar manhaja da waɗannan ukun zalla aiki ne mai cin rai, shi ya sa aka riƙa ƙirƙiro firamwok, wato tarin kod da wasu suka riga suka rubuta, tare da ƙa'idojin yadda za ka jera naka a kai. Google ta fito da AngularJS a 2010, Facebook ta saki React a 2013, Evan You ya fito da Vue a 2014. A kan kowane firamwok kuma sai wasu su haɗa kayan fuskar manhaja waɗanda aka gama ɗinkawa: madannai, da fom na cikewa, da teburin jera sunaye, da kalandar zaɓen rana. Kai dai ka ɗauko ka jona. Inda gizo yake saƙar shi ne, madannin da aka yi wa Angular ba ya aiki a React, kalandar React kuma Vue ba ta san ta ba, alhali a idon mai danna waya duk abu ɗaya ne.

Wanda ya san shagon cajin waya a ƙauyukanmu kafin zuwan Android ya riga ya fahimci matsalar. Allon mai shago cike yake da wayoyin caja kala-kala: Nokia mai siririn baki, Nokia mai kauri, ta Samsung daban, ta Sony Ericsson daban. Wutar da ke bi ta cikinsu iri ɗaya ce, bakin ne kawai kowane kamfani ya yi nasa. Ranar da ka sauya waya, cajarka ta zama shara ko da lafiyarta ƙalau. Sai da aka yarda da baki guda, USB, kafin mai shago ya huta, mu ma muka huta.

A tsakiyar shekarun 2010, ɗaliban kwamfuta a Samaru da na Kwalejin Nuhu Bamalli da yawa sun rungumi wani abu mai suna Ionic, kuma suna da hujja. Wani ƙaramin kamfani a Madison ta jihar Wisconsin a Amurka ne ya fito da shi a 2013, aikin Max Lynch da Ben Sperry da Adam Bradley. Da shi, wanda ya iya HTML da ɗan JavaScript zai iya haɗa manhajar da za a saka a wayar Android, ba tare da ya koyi Java ba. Ga wanda kwamfutarsa ta hannu ce, mai ƙaramin ƙwaƙwalwa, batirinta kuma ba ya riƙe wuta, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Na ga yaran da suka fito daga Gimi da Hunkuyi da Paki suna nuna wa iyayensu manhajar da suka haɗa da hannunsu a wayar Tecno, fuskarta fes kamar wadda aka yi a Legas. Ionic na farko a kan AngularJS kacokan aka gina shi. Duk wanda ya koye shi, AngularJS ya koya, ko ya sani ko bai sani ba.

A watan Oktoban 2014, a wani taro a birnin Paris, masu kula da Angular suka bayyana cewa za su sake shi daga tushe. Sabon ya fito a Satumban 2016 da sunan Angular 2, an rubuta shi da TypeScript na kamfanin Microsoft, kuma tsarinsa ya bambanta da na farko har ta kai kod ɗin da aka yi wa tsohon ba ya tafiya a sabon sai an sake shi. Suna da dalilansu na fasaha, kuma dalilai ne masu ƙarfi: tsohon yana yin nauyi idan bayanai suka yi yawa a shafi, musamman a waya. Ionic ma dole ta bi, ta fito da Ionic 2 a farkon 2017 a kan sabon Angular. An ci gaba da kula da AngularJS na ɗan lokaci, sannan aka rufe kulawar baki ɗaya a ranar 31 ga Disamba, 2021. Daga ranar, ko an gano wata kafa da ɓarayin intanet za su bi, babu gyara daga masu shi.

Wannan sauyi ya taɓa ƙasarmu ta hanyar da mutane da yawa ba su lura ba. Alƙaluman da ƙananan asibitocinmu suke tarawa duk wata, na rigakafi da awon ciki da zazzaɓin cizon sauro, ana kai su wurin jami'in ƙaramar hukuma ya shigar da su a DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway take jagoranta, wadda Najeriya ta ɗauka don tattara bayanan lafiya. Wani sashe nata mai suna Tracker Capture da AngularJS aka rubuta shi. Da zamanin AngularJS ya wuce, sai da suka gina wani sabo da React, mai suna Capture, aikin da ya ɗauke su shekaru. Su suna da jami'a a bayansu, da ma'aikata na dindindin, da masu ba da tallafi daga ƙasashe daban-daban, saboda haka suka ƙetare lafiya.

To, ina ga wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan? Na san wata ƙungiyar manoman rake a yankinmu da wani matashi ya yi wa manhajar rubuta bashin taki da adashen mambobi. Ta yi musu aiki, har sakataren ya ajiye babban littafinsa. Matashin ya sami aiki a Abuja ya tafi, kamar yadda ya kamata duk yaro mai ƙoƙari ya samu. Bayan 'yan shekaru suka so a ƙara musu wurin rubuta kuɗin mazarƙwaila daban da na ɗanyen rake. Wanda suka kira ya duba, wani firamwok ya koya daban, na cikin manhajar kuwa an daina yayinsa, kayan da ake haɗa shi da su ma sun ƙi sauka a kwamfuta. Ya faɗa musu gaskiya: gyaran ya fi sabon gini wahala. Kuɗin sabon gini babu. Sakatare ya kakkaɓe littafinsa ya koma wa biro. Babu wanda ya cuci wani a wannan labari, shi ya sa ma ya fi damuna. Kowa ya yi aikinsa da gaskiya, abin da aka gina a kai ne ba namu ba, kuma Bahaushe ya riga ya ce kayan aro ba ya rufe katara.

Tun kafin wannan rikici, wasu sun hango shi. A 2011, wani injiniyan Google mai suna Alex Russell ya gabatar da wata shawara a taron Fronteers a Amsterdam: me zai hana a bai wa ita burauzar kanta ikon karɓar sababbin kayan fuska da kowa zai iya ƙerawa, ba sai ta hannun wani firamwok ba? Masu sana'a suna kiran abin Web Components, ni kuwa a nan tubalan yanar gizo zan ce. Yadda suke aiki ba shi da wuyar ganewa. HTML yana da alamominsa na asali, kamar ta sakin layi da ta hoto da ta madanni. Sabuwar ƙa'idar ta ba ka dama ka ƙirƙiri taka alamar, ka raɗa mata suna, da sharaɗin sunan ya ƙunshi karan ɗori don kada ya yi karo da na asali, misali farashin-buhu. Ka rubuta mata halinta da JavaScript sau ɗaya, ka yi mata rajista a burauza. Daga nan duk inda aka rubuta wannan suna a shafi, burauza ta san abin da za ta nuna. Akwai kuma wani shinge da ake kira Shadow DOM, mai killace cikin tubalin, don kada adon shafi ya ɓata nasa, nasa ma kada ya fita ya ɓata na wasu.

Abin bai zo da sauri ba. Kamfanonin burauza sun daɗe suna jayayya, har aka watsar da wani ɓangare na shawarar farko aka sake rubuta saura. Chrome ta karɓi tsarin da aka daidaita a kai a 2016, Safari a 2017, Firefox a Oktoban 2018, Edge ta Microsoft kuma sai a Janairun 2020. Sama da shekara takwas ke nan daga jawabin Amsterdam. A tsawon lokacin, React ya cinye kasuwa, kuma mutane da yawa sun ɗauka maganar tubalan ta bi ruwa.

Abin da ya dawo da hankalina kanta shi ne matakin da masu Ionic suka ɗauka. Sun sha wahalar sake gini sau ɗaya saboda firamwok ya juya, sun kuma ga masu React da Vue ba sa iya taɓa kayansu. Sai suka ƙera wani injin haɗa tubala mai suna Stencil, suka sake rubuta madannansu da fom ɗinsu da komai a matsayin tubalan yanar gizo, suka fito da Ionic 4 a Janairun 2019. Madanni ɗaya yanzu yana aiki a Angular, yana aiki a React, yana aiki a Vue, yana aiki a shafin da ba shi da firamwok ko ɗaya. Ba su kaɗai ba ne. YouTube an gina fuskarsa da Polymer, kayan aikin Google na haɗa irin waɗannan tubala, wanda Lit ya gada daga baya. GitHub yana amfani da su, haka Salesforce, haka Adobe a Photoshop na burauza. Manyan kamfanoni suna da ƙungiyoyin ma'aikata masu yawa, kowacce da firamwok ɗin da ta fi so, kuma sun gaji da ƙera madanni guda sau uku.

Dalilin manyan kamfanoni ke nan. Namu dalilin ya sha bamban, kuma a ganina ya fi nasu ƙarfi.

Mu ba yawan ma'aikata ne ya dame mu ba, rashin mai gadon aiki ne. Manhajar makarantar Islamiyya a Dandamisa, ko ta dillalin tumatir a Ikara, sau ɗaya ake biyan kuɗinta. Wanda ya rubuta ta zai tafi bautar ƙasa, ko ya sami aiki, ko ya koma gona. Wanda zai zo bayansa ba a san me ya koya ba. Abu guda da za a iya rantsewa ya sani shi ne HTML da JavaScript, domin duk firamwok a kansu yake zaune. Masu ƙera burauza kuma suna da wata al'ada da suke riƙe da ita da ƙarfi, ta ƙin karya abin da ya riga ya zama ƙa'ida. Kwafin shafin farko da Tim Berners-Lee ya yi a cibiyar CERN a farkon shekarun 1990 har gobe yana buɗewa a wayar da aka saya jiya. Babu firamwok ɗin da zai iya yin wannan alkawari, ba don mugunta ba, sai don shi kaya ne na wani kamfani ko wasu mutane, kuma suna da 'yancin sauya ra'ayi. Tubalin da ya dogara da ƙa'idar burauza ya shiga inuwar wancan dogon alkawari.

Sai maganar nauyi. Lit, wanda da yawa suke amfani da shi don sauƙaƙa rubuta tubala, kusan kilobait 5 ne idan an matse shi, kuma ana iya yi ba tare da shi ba ma. Manyan firamwok sun ninka haka sau da yawa kafin ka rubuta layi ɗaya naka. A Kaduna ko Abuja wannan ba abin magana ba ne. A gonar da ke bayan Gubuchi, inda sabis yake zuwa yana ɗaukewa, kuma wayar Itel ce mai ƙaramin ƙarfi, bambancin shi ne shafi ya buɗe ko mutum ya gaji ya mayar da waya aljihu. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowane kilobait kuɗi ne daga aljihun manomi.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kayan da babu wanda zai ƙera mana su sai mu. Ɗauki akwatin neman suna a rajistar makaranta. Malami ɗaya ya rubuta Ƙasimu da ƙa mai lanƙwasa, wani ya rubuta Kasimu saboda madannan wayarsa ba su da ita. Akwatin da aka ƙera a Amurka zai ɗauke su mutum biyu, ya ɓoye ɗaya idan an nemi ɗayan. Ana bukatar akwatin da ya san ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ya san inda suke faɗawa a jerin abacada, ya kuma yi haƙuri da wanda bai sa su ba. Ɗauki kwanan wata na Hijira. Burauza tana iya lissafa shi, amma lissafi take bi, mu kuwa sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi muke bi, kuma sukan saɓa da kwana guda. Kalandar da za ta yi wa makarantar Islamiyya amfani dole ta bar wa shugaban makaranta wurin gyara wannan kwana. Ga awo: mudu da tiya da buhu da kwando da damin rake, waɗanda girmansu ma yakan bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Ga lambar waya mai lamba 11 da wani zai fara da sifili wani ya fara da 234. Ga rubutun ajami da ke tafiya daga dama zuwa hagu a tsakiyar shafin boko. Kowane ɗalibi da ya yi manhaja a yankin nan ya yi fama da waɗannan, ya warware su iya ƙarfinsa a cikin firamwok ɗin da yake yayi a shekararsa, maganin kuma ya mutu tare da manhajar. Da a tubali mai zaman kansa aka zuba wannan wahala, da na bayansa ya ɗauka ya ci gaba, ko da wane firamwok ya zo.

Ba na so a ɗauka tubalan nan sun share duk hawaye, domin masu sukarsu ba jahilai ba ne. Rich Harris, wanda ya ƙirƙiri firamwok ɗin Svelte, ya rubuta dalilansa na ƙin amfani da su tun 2019, kuma da yawa daga cikin dalilan gaskiya ne. Shingen da ke kare tubali shi ne kuma yake wahalar da mai son sauya masa launi ko fasali daga waje. An daɗe tubala ba sa shiga cikin fom yadda ya kamata, sai da aka ƙaro wata ƙa'ida. Haɗa shafi tun daga saba, wato kwamfutar da ke aiko shi, don ya iso waya a shirye, ya fi sauƙi a manyan firamwok, kuma sai a 2024 dukkan manyan burauzoji suka kammala karɓar hanyar yin haka da tubala. React kansa, wanda ya fi kowa jama'a, bai yi cikakken sulhu da su ba sai a React 19, a Disamban 2024. A wurinmu akwai ƙarin matsala: wanda yake shiga intanet da Opera Mini a yanayin tsimin data mai tsanani, ko da tsohuwar wayar da ba a taɓa sabunta burauzarta ba, zai iya ganin fili fari inda tubali ya kamata ya fito. Mai hankali yakan sa rubutu na asali a cikin alamar, don ko tubalin bai tashi ba a ga farashin.

Kuma tubali fuska ce kawai. Ba ya ajiye bayanai idan sabis ya ɗauke, ba ya daidaita abin da sakatare ya rubuta a gona da abin da ma'aji ya rubuta a gari idan wayoyinsu suka haɗu da intanet. Wannan shi ne aiki mafi wuya a manhajar karkara, kuma yana nan daram, ko da tubala ko babu. Babbar manhaja har yanzu takan bukaci firamwok ya riƙe mata ragama. Abin da ya sauya shi ne, yanzu ana iya sauya ragamar ba tare da an zubar da madannai da fom da kalanda ba.

Matasan da suke shiga shirin koyon fasahar zamani na 3MTT, wanda ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Bosun Tijani ta ƙaddamar a ƙarshen 2023, da waɗanda suke zuwa cibiyoyi irin su CoLab a Kaduna, sukan tare ni da tambaya guda: "Yaya, React zan koya ko Angular?" Ba na ɓoye musu cewa tallan aiki React ya fi nema, kuma wanda yake son albashi daga Legas ko daga waje dole ya iya shi. Yaro yana da iyaye da ƙanne, ba zan ce ya bar abin da zai ciyar da su ba. Abin da nake ƙara masa shi ne, "Ƙanena, kafin ka taɓa ko ɗaya, zauna ka ƙera tubali guda da hannunka, ba tare da komai ba sai burauza." Wanda ya yi haka yakan gane wane aiki ne burauza take yi da kanta, wane ne firamwok ya ƙara. Na lura irin waɗannan ba sa firgita idan yayi ya juya, kuma zai juya, domin daga jQuery na 2006 zuwa yau ya juya ya fi sau uku. Da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai aikin da nake ganin sassan kwamfuta na Jami'ar Ahmadu Bello da Nuhu Bamalli da Jami'ar Jihar Kaduna za su iya ɗauka ba tare da sun nemi ko sisi daga waje ba. Duk shekara ɗaliban ajin ƙarshe suna rubuta manhajar duba sakamakon jarrabawa da ta rajistar marasa lafiya, kusan iri ɗaya, a ba su maki, a ɗaure takardar a ajiye a kanta. Da malami zai raba musu aikin daban, wannan ya ƙera akwatin neman suna mai jin haruffan Hausa, wancan kalandar Hijira mai karɓar gyara, wata ta yi na awon hatsi da kuɗin naira, kowanne a matsayin tubali mai zaman kansa, da bayanin amfani da shi cikin Hausa da Turanci, a ajiye su wuri guda da kowa zai iya ɗauka. 'Yan shekara mai zuwa a ba su makinsu a kan gyara na bara da gwada su a ƙananan wayoyi, a kasuwar Makarfi da asibitocin Kudan, wurin mutanen da za su danna su.